JAWABIN ƊIYARMU MALAMA A KAN ƳAN MATAN GARI DA KE MAKARANTAR KWANA

Ga jawabin da ɗiyarmu, malamar lissafi a makarantar kwana ta ƴan mata, ta yi a babban taron ƙungiya a Yamai. Magatakarda ya rubuta shi yadda ta faɗa, don na gida da na Kurmi da na arewa su samu.



Baba shugaba, iyayena dattawa, malamai, iyayena mata da ke can baya, yayyena da ƙannena, ina gaishe ku da zuwa. Na san wani ya rufe teburinsa, wani ya bar ma yaro tukunyar shayi, wani daga gadin dare ya wuto bai runtsa ba. Allah ya saka da alheri. Ba zan cinye maku yini ba.

Baba shugaba ya aiko mani cewa akwai jika 800 da ƴan kai cikin asusu, waɗanda kuka ware don karatun ɗiya mata, kuma baki ya rabu biyu. Wasu sun ce a saya ma kowace yarinya babbar salula. Wasu sun ce a sayi ordinater, wadda masu zuwa Kano ke ce ma kwamfuta, a aika makaranta da sunan gari. An ce in zo in faɗi nawa. Zan faɗa, amma ku bari in fara gaya maku yadda yaran ke zaune, don da yawanku kuɗi kuke aikowa, ba ku taɓa shiga ƙofar makarantar ba.

Ɗiyan garinmu tara ne a can. Huɗu suna sizem, wato ajin farko na koleji, biyu suna aji na biyu, ɗaya ta gama na uku za ta shiga na huɗu, biyu sun haye lise. Koleji shekara 4 ce, a ƙarshenta a yi jarrabawar birbe. Lise shekara 3, a ƙarshenta a yi bak, wadda ita ke buɗe ƙofar jami'a.

Da asuba ake buga masu ƙararrawa. Su yi salla, su yi shara, su sha kunu, ƙarfe 8 suna cikin aji har azahar. Abincin rana yawanci shinkafa da wake ne, da dare tuwo. Bayan la'asar wasu su yi wanki, wasu su shiga ɗakin na'ura in ranar ajinsu ce. Bayan lisha kuma kowa ta ɗauki kayenta ta koma aji, a zauna shiru daga ƙarfe 8 zuwa 10, da mai tsaro ɗaya a bakin ƙofa. Waɗannan awa biyu na dare, ku riƙe su a ranku, don a kansu maganata za ta tsaya.

Ni da na ci jarrabawar shiga koleji, babu ɗakin kwana. Gidan wani aka kai ni a birni, aka ce ga mai masaukinki. Baba ya kai masu damen hatsi, suka karɓe ni hannu biyu, ba zan yi masu butulci ba. Amma ɗiyar da ke cin tuwon gidan wani ba ta cewa ta gaji. Ni ce daka, ni ce famfo, ni ce goyon yaro, ran da babu aji ni ce talla. In na buɗe kaye, sai dare ya raba, ga fitilar ƙwai, ga uwar gida na cewa kananzir na ƙarewa. Mu shida muka bar gari a shekarar. Ni kaɗai na kai birbe. Iyayena da ke nan sun san sauran biyar ɗin, kuma sun san akwai biyu da suka fi ni kai nesa ba kusa ba. Ɗaya cikinsu ita ke yi mani lissafi a firamare in mushe ya juya baya. Yau ni ke koyar da lissafi, ita kuwa in ɗanta ya aiko saƙo sai ta nemi mai karanta mata.

Shi ya sa in aka tambaye ni amfanin makarantar kwana, nakan ce lokaci take ba yarinya. Babu mai aikenta, babu mai tashinta tsakar karatu.

Kada ku ce na zo yabon wurin aikina. Akwai wahala. In an koma cikin watan Oktoba sauro bai tafi ba, sati na farko ba ya ƙarewa sai mun kwantar da yara da zazzaɓi. Ƴan sizem suna kukan gida har wata guda. Ƙarshen wata miya takan tsinke. Cikin Afrilu da Mayu ɗakin kwano ba ya kwantuwa, sai su fito da tabarmi tsakar gida. Akwai kuma wata magana, iyayena maza ku yi mani gafara. Ɗiya mace in ta girma tana da buƙata kowane wata, ta sabulu da ta ƙyalle mai tsabta. Wadda ba ta da su ba ta faɗi. Sai ta ce kanta ke ciwo, ta kwanta kwana uku ko huɗu. Ku lissafa kwana huɗu sau wata tara, ku ga darasi nawa ya wuce ta saboda abin da bai kai kuɗin goron sati ba.

Wannan hanya ba yau aka fara ta ba. Tun farkon shekarun 1960 aka buɗe makarantar Mariyama nan Yamai don ƴan mata, kuma cikin waɗanda suka fito daga cikinta akwai Aishatu Bulama Kane, wadda ta riƙe ministar harkokin waje a 2015. Sai dai ɗiyar ƙauye ba ta cika kaiwa can ba. A Disamba 2017 gwamnati ta fitar da doka ta musamman don kare ɗiya mace mai karatu da tallafa mata. A 2021 aka buɗe ɗakin kwanan ƴan mata na Kelle, cikin ƙasar Gure, kuma shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Bazum, ya yi alkawarin irinsa 100 kafin mulki ya sauya a Yuli 2023. Na kawo wannan ne don ku san gurbin da ɗiyanmu tara suka samu, akwai dubbai da ke nemansa.

To, maganar na'ura.

Muna da ɗaki guda, da kwamfuta 14 da aka ba mu kyauta, manya, irin na bisa tebur. Ranar da aka kawo su an yi guɗa, an ɗauki hoto. Yanzu tara ke tashi. Ƙura ta kashe wasu, hawa da saukar kuran ya ƙona wasu. Aji ɗaya kuma yara hamsin ne ko fiye, sai ka ga biyar ko shida kan na'ura ɗaya, mai ƙarfin hali ta riƙe, mai kunya ta yi kallo har a tashi. Dole na riƙa zagayawa da agogo a hannu, in ce ke tashi, ke zauna.

Duk da haka suna koyo, kuma koyonsu na ba ni mamaki. Yarinyar da ta zo tana ɓoye hannu cikin hijabi, tana tsoron in ta taɓa abin zai lalace a ce ubanta ya biya, kafin shekara ta ƙare ta iya buga wasiƙa, ta adana ta, ta nemo ta gobe. A aji na uku muke shiga Excel, wato allon lissafi, inda ake jera kaya da kuɗi na'ura ta tara da kanta. Manyan kuma suna koyon aika saƙo da takarda ta intanet, da cika fom, da neman bayani, da abin da ya fi wuya, wato gane cewa ba duk abin da aka gani a rubuce ne gaskiya ba. Wannan darasi, in da hali, da wasu manya ma na sa su cikin aji.

Akwai wani ƙaramin abu da ya faranta mani rai. Maɓallan na'urorinmu na Faransanci ne, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ. Magatakarda ya san wannan ciwo, tun da da hannu yake bin sitansil yana sa ƙugiya. Tun da aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a watan Maris 2025, yaran suka matsa sai sun gano yadda ake fito da waɗannan baƙaƙe, kuma suka gano. Yanzu in kun samu wasiƙar makaranta da Hausa, ɗiyanku ne suka buga ta.

Kun tuna rigimar rumbun tsimi ta bara. Da aka zo ƙidaya, littafi ya ce akwai buhu uku da babu su cikin rumbu, wato tiya 120. Dattijon da ke riƙe da mabuɗi, mutumin da ya yi shekaru yana wannan aiki ba a ba shi ko dala, ya daina zama bakin masallaci bayan la'asar. Ba wanda ya ce masa ɓarawo a ido, amma kun san garinmu. Da na je hutu da ƴar ƙaramar na'urata, ɗiyarmu ta aji uku ta ce in ba ta aro. Ta karɓo littafin, ta zauna cikin zaure kwana biyu tana shigar da shi layi layi: ranar da kaya ya shigo, buhu nawa, kilo nawa, wa ya ɗauka. A nan abin ya fito. Akwai buhu shida ƙanana, masu kilo 50, da aka rubuta su cikin layin manya masu kilo 100. Kilo 300 ke nan da ba su taɓa shiga rumbun ba, a takarda kawai suke. Buhu uku cif. Ta je gaban mai gari da kwamiti ta nuna masu, muryarta na rawa. Dattijon bai ce komai ba, sai dai washegari ya aiko mata da zabuwa.

Wannan yarinya shekararta 15. Na ji an kai gaisuwa gidansu, ana maganar bayan kaka.

Iyayena, ni matar aure ce, da ɗiya huɗu, ba na zo in ce aure laifi ne ba. Kuma na san abin da ke ran uba: tsoron abin kunya, da nauyin baki a gida, da ganin waɗanda suka yi boko suna yawo da takarda ba aiki. Ba ƙarya ba ne. Amma ku dubi lissafin. An ciyar da ita shekara shida a firamare, uku a koleji. Saura wata tara ta zauna birbe. In aka cire ta a Disamba, shekara tara sun tafi ba takarda ko ɗaya a hannu. Wa ke noma gona ya yi maimai, hatsi ya fid da kai, sa'an nan ya sa ma dabbobi? Binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a ƙasar nan a 2012 ya nuna cikin mata 100, 76 an aurar da su kafin shekara 18, 28 kuwa kafin 15. Mu malamai ba mu bukatar takardar bincike, rajista ke gaya mana. Kowace shekara bayan hutun Disamba sai mu iske gado ba mai shi, kuma aji na biyu da na uku sun fi yin asara. A takarda, wadda aka aurar tana da izinin komawa aji. A shekarun da na yi ina aiki, biyu na gani sun dawo, ɗaya ce ta ƙarasa. Ina roƙon dattawan da ke da baki a gidan, da yayanta da ke zaune cikin taron nan, a yi ma mai nema magana ya yi haƙuri zuwa damina. In mai sonta ne, wata tara ba za su kashe shi ba.

In koma ga kuɗin asusu. Abin da ya buɗe mani ido shi ne shekarar 2023. A watan Agusta, bayan juyin mulki, Najeriya ta yanke layin kuran, alhali mafi yawan wutar da ƙasar nan ke sha a lokacin daga can take zuwa. Muka koma makaranta wuta na zuwa tana tafiya yadda ta ga dama, sai a farkon 2024 aka ɗage takunkumin. Ɗakin na'ura ya zauna a rufe, wannan bai dame ni sosai ba. Abin da ya dame ni karatun dare ne ya mutu. Yara su taru su bakwai kan tocila ɗaya, batir ya ƙare, a je a kwanta. Kun san ana ba da maki bisa 20 ne, sai an kai 10 ake wucewa. A wancan zango na farko, yaran da na san suna samun 12 da 13 a lissafi suka faɗo 8 da 9. Malamai ba su sake ba, littattafai ba su sake ba. Awa biyun nan ne suka ɓace.

Da abin ya ishe ni, sai na mai da shi darasi. Na ce ƴan aji huɗu su je su karanta abin da ke rubuce bayan kowace na'ura da kowane ƙwan fitila, su kawo mani lissafi. Suka dawo da shi: babbar kwamfuta da allonta tana cin wajen wat 150, ƙarama ta hannu wajen 50, ƙwan fitila na zamani 10. Wato wutar da babbar na'ura ɗaya ke ci ta isa ta kunna ƙwai 15. Ƙwai shida sun haska aji. Ke nan abin da yara shida za su taru a kai suna kallo, ya isa ya ba yara ɗari haske a aji biyu, har da saura. Su suka rubuta wannan a allo, ba ni ba.

Kuma rana ba mu saye ta. Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, a Tasawa aka haife shi a 1929, nan kusa da mu, kuma ƙarfin rana ya yi rayuwarsa yana bincike, tun ana yi masa kallon mai mafarki. Yau ga tashar hasken rana a Malbaza tun 2018, ga ta Guru Banda nan bakin Yamai tun 2023, ga pano bisa rufin masu cajin salula a kowace kasuwa. In na ba yara labarinsa sai su gyara zama.

Don haka shawarata, a sa mafi yawan kuɗin nan ga pano da batir da ƙwai, na aji biyu na karatun dare. Cikinku akwai masu wannan sana'a, sun fi ni sanin farashi da inda ake samun na ƙwarai, don kasuwa cike take da na banza. In ɗayanku zai ba da kwana biyu ya zo ya haɗa da hannunsa, yara na kallo suna miƙa masa kaya, to ya koyar da abin da ni ban iya ba. Wanke ƙurar hunturu daga bisa pano kuwa aikinsu ne, za mu raba masu kwanaki. Kada a kashe kuɗin duka. Batir ba ya son zafi, bayan ƴan shekaru sai an sake shi, kuma na ga wurare da yawa da pano ke bisa rufi yana kallon sama don ba a tanadi kuɗin batir ba. In an samu rara, ƙaramar kwamfuta ɗaya ko biyu, ko da na hannu ne, sun fi babba amfani gare mu. A kuma ware wani abu kowane zango a damƙa ma uwar ɗakin kwana, na sabulu da abin da na ambata, da kuɗin mota na wadda iyayenta suka kasa.

Saura salula. Yayyena na Abijan da Legas da Libiya da Aljeriya, na san don ƙauna kuke aikowa. Mutum ya yi shekara biyu bai ga ƙanwarsa ba, yana so ya ji muryarta, yana so a san yayanta na waje. Amma ni ke zagaya ɗakin kwana ƙarfe ɗaya na dare, ni ke ganin haske ƙarƙashin zane. Yarinya ƴar shekara 13 da TikTok a hannu, gobe tana gyangyaɗi a aji. Wannan ma mai sauƙi ne. Lambarta takan faɗa hannun mazan da ba ta sani ba. Akwai wadda aka kira aka ce ta ci kyauta, ta aika kuɗin motarta na komawa gida kaf. Akwai wadda aka yaudara ta aika hoto, daga baya aka riƙa tsorata ta da shi, ta rame ta ƙi cin abinci, sai da kyar ta faɗa mani. Ba ɗiyar garinmu ba ce, kada ku fara duban juna. Dokarmu ita ce salula na hannun uwar ɗaki, ran Lahadi a ba kowa tata ta kira gida. Don wannan, ƴar ƙarama mai maɓalli ta isa. Ƴan lise kam nasu daban ne: suna karɓar tsofaffin tambayoyin bak ta WhatsApp, suna kallon yadda ake warware lissafi, kuma sun yi hankalin da za a yi masu magana su ji. In kuna son yin kyauta, ku jira ta ci birbe ta shiga lise, ya zama tukuicinta.

Manyan namu biyu, ɗaya tana sashen D, na kimiyyar rai, tana son aikin ungozoma. Iyayena mata sun san abin da ake sha a gari in haihuwa ta zo da gardama cikin dare. Ɗayar na matsa mata ta shiga sashen C, na lissafi da kimiyyar fizik, inda mata ba su cika shiga ba don tun suna ƙanana ake gaya masu na maza ne. Ta yi kuka, ta ce za ta faɗi. Yanzu ita ce ta uku a ajinsu. Jami'a kuma ta matso: ga ta Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, ga ta Damagaram, ga ta Tawa, ba dole sai an zo Yamai ba. Nakan ba ta labarin Mariyam Isufu, wadda ilimin kwamfuta ta fara yi kafin ta koma zanen gini. Ita da abokiyar aikinta suka zana sabon masallacin Dandaji a jihar Tawa, suka mai da tsohon ɗakin karatu, aka gama a 2018, da tubalin ƙasar wurin da magina na wurin. Masu bin hanyar Tawa, ku ratsa ku gani.

Abu ɗaya ya rage, shi kuma ba ya cin ko dala ta asusu. In kun zo gida ganin gona ko Salla, makarantar na bisa hanya. Ku tsaya ko na rabin awa. Ku nemi ɗiyar garinku, ko ba taku ba ce, ku ce ta kawo takardar makinta, ku tambaye ta wane darasi ke ba ta wuya. Ko ba ku iya karatun ba, za ta karanta maku. Ran Lahadi in ana kiran masu baƙi, namu tara suna zaune gindin bedi suna kallon ƙofa. Tun da aka kai su, mutum uku ne suka taɓa zuwa.

Sunayen yaran da ajin kowace da makinta na zangon ƙarshe suna hannun magatakarda, wanda ke so ya duba. Ni gobe da asuba zan bi mota. Masu aikin pano su same ni bayan an tashi, mu auna tsawon waya tun ina nan.